Robobin Maganin Feshi

Shekara goma sha ɗaya Abdulbaƙi yana sayar da taki da maganin feshi a bakin kasuwar Miga, bai taɓa tambayar kansa inda robobin maganin suke ƙarewa ba. Manomi ya saya, ya ɗaure a bayan babur, shi ke nan.

Wata rana da damina ya je gonar Baba Lado, aminin marigayi mahaifinsa, don ya duba masa waken da tsutsa ta kama. Da suka gama zagaye suka zauna a gindin tsamiya. Tsohon ya jawo wata roba daga cikin ciyawa, ya kwance murfin ya miƙa masa.

"Sha kunu, ɗan nan, da sauran ɗuminsa."

Abdulbaƙi ya karɓa, sai hannunsa ya tsaya. An ɓare takardar jikinta, amma ya san ta sarai. Robar maganin kashe ciyawa ce mai jan murfi, daga shagonsa ta fito.

"Baba, wannan ai ta magani ce."

"An wanke ta da toka har sau biyu. Ina za ka samu mai murfi irin wannan? Ko kifa ta ka yi ba ta ɗiga."

Ya ba tsohon haƙuri, bai sha ba. A hanyar komawa kuwa sai idonsa ya buɗe. Ga ɗaya a bakin rijiya, ga wata da man gyaɗa a gaban mai ƙosai, ga wata an cika ta da nono.

Da farko wa'azi ya kama yi. Duk wanda ya sayi magani sai ya ce masa, "Don Allah in ya ƙare ka dawo min da robar, dafin ba ya fita duka." Kowa ya ce to. Har aka yi girbi ba a dawo da ko ɗaya ba.

Matarsa Rakiya ce ta warware masa, tana tsince shinkafa yana mita.

"Alhaji, ka taɓa kai kunu gona a kwano? Kafin ka isa rabi ya zube. Murfin nan mutane suke so. Ka ba su wadda ta fi ta, ka ga ikon Allah."

Ranar Litinin ya hau mota zuwa Dutse, ya dawo da buhu biyu na sababbin gorunan roba masu murfin murɗawa. Ya sanar cewa duk wanda ya kawo robar magani uku zai tafi da gora ɗaya. Sharaɗin dai a ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan cikin injin feshi, ban da zubarwa a kududdufi. Kowacce aka kawo sai ya huda gindinta da ƙusa a gaban mai ita.

Sadisu, maƙwabcinsa mai irin sana'arsa, ya samu abin tsokana. Kullum in zai wuce sai ya ɗaga murya, "Alhaji bola jari, ya kasuwa?" Abdulbaƙi ya yi dariya ya ce da godiya.

Abin da ya dame shi shi ne buhunan robobin maganin da suka taru a bayan shago. Ya buga wa kamfanin da ke kawo masa kaya daga Kano waya, suka ce ba aikinsu ba ne. Ya sake bugawa. A karo na huɗu ya ce wa manajan, "Ranka ya daɗe, motarku wayam take komawa. Kayanku ne fa, sunanku ne a jiki." Manajan ya ce to, akwai masu narkar da irinsu, a loda.

Ranar da motar ta zo, ana cikin lodi sai ga Sadisu yana jan buhu ɗaya, yana sosa ƙeya.

"Mutanen nan sun hana ni sakat, Alhaji. Kowa sai ya ce ni ba na karɓar roba ne? Akwai wuri a motar?"

"Ka huda su?"

"Wasu dai."

Suka zazzage buhun a ƙasa, suka tsuguna su biyu suna hudawa, direba yana ta danna musu oda. Sai da aka kira sallar La'asar motar ta tashi. Suka wanke hannu da sabulu, suka nufi masallaci suna hirar yadda farashin riɗi zai kasance bana.