Motar Kumandan da Ƙafar Habi

Abarci shi ne direban kumandan na Dakoro, zamanin da Nasara ke riƙe da ƙasa. Da aka gama kaka, kumandan ya samu hutun wata guda, ya ce zai kai matarsa, madam, ta ga Maradi da Damagaram har duwatsun Abzin. Ya ba Abarci kwana uku ya shirya mota.

Abarci ya ɗora ta bisa kututture huɗu a bayan bariki, ya cire ƙafafunta duka. Ya liƙe inda ƙaya ta huda, ya zubar da tsohon baƙin mai, ya wanke tano biyu, wato ganguna, ɗaya na ruwa ɗaya na man mota. Ya tanadi felu saboda rairayi. Kujeru kuwa sau biyu ya goge su da sabulu, don madam ba ta son wari ko kaɗan.

Yana kwance ƙarƙashin motar da hantsi ya ji sallama. Jimrau ne, mijin yayarsa Habi. Ita Habi ita ta goya Abarci tun rasuwar uwarsu, ita ta yaye shi da kunu.

"Ƙafar nan ta yayarka ta ƙi," in ji Jimrau. "Tun da kututturen kara ya soke ta a gona take kumbura. Malamin likita ya ce ta fi ƙarfinshi, sai Maradi. Na ji za ku bi ta can. Ko ka roƙi Nasaranka?"

Direban da Abarci ya gada, don ya ɗauki wata tsohuwa a hanyar Bader Goula aka kore shi. Shi kuma bai taɓa roƙon kumandan komai ba, bai ma san ta inda ake farawa ba. Ya dubi motar da ke tsaye babu ƙafa ko ɗaya.

"Yaya Jimrau, kai ma ka gani da idonka. Ta lalace. Sai an aiko da ƙarfe, ko sati biyu ba mu tashi ba."

Jimrau ya jinjina kai. "To, Allah shi gyara. Sai mu ɗora ta bisa takarkari." Har ya yi masa sannu da aiki kafin ya tafi.

Sannun nan ita ta tsaya wa Abarci a rai. Ya mai da ƙafafun motar da la'asar, ya ɗaure su tam, ya tada inji ya ji yana kuka lafiya lau. Sau biyu ya nufi ofishin kumandan, sau biyu ya juyo daga bakin ƙofa. Gidan Habi ma bai leƙa ba, don ya san in ta dube shi za ta gane. Washegari ya ji su Jimrau sun kama hanya. Tuwo ya ƙi shigarsa.

Ran tafiya aka ɗaure kaya, kumandan ya zauna gaba, madam ta zauna baya ita da akwatin huluna, ga wurin mutum biyu ba kowa. Sun wuce Kornaka da kaɗan Abarci ya hango takarkari ƙarƙashin gawo, da mutum tsugune, da mace kwance bisa tabarma. Kwana biyu suna tafiya, iyakar inda suka kai ke nan.

Ya yi niyyar wucewa. Ƙafarsa ce ta taka birki.

"Me ya faru?" in ji kumandan, da Hausarsa ta bariki.

"Ranka shi daɗe, yayata ce. Ba ta da lafiya. Likita za su, Maradi."

Kumandan ya sauka ya ɗaga zanen da aka rufe ƙafar. Ta yi baƙi har idon sawu, ƙudaje sun taru. Ya juyo ya dubi Abarci.

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana uku."

"Kwana uku, kana wanke mini kujera? Ina da wata motar a bariki. Me ya hana ka faɗa?"

Abarci ya buɗe ƙofar baya. Da kumandan ya zage shi ko ya ce ba ya ɗaukar kowa, da ya fi masa sauƙi.

Madam ta ɗauke akwatin ta rungume, ta toshe hanci da mayani, amma ta matsa. Abarci da Jimrau suka ɗauko Habi. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta buɗe ido ta shafa kujerar, sannan ta dube shi.

"Auta, ashe ta gyaru?"

"Ta gyaru, Yaya."

Jimrau ya bar takarkarin wajen wani mai gona, ya hau bisa tano a baya. Har suka wuce Sabon Maci suka shiga Maradi, Abarci bai yarda idonsa ya haɗu da nasa ba.

A likita aka ce sai an yanke ƙafar, ƙasa da gwiwa. Abarci ya tare wani malamin likita a zaure, ya tambaye shi da an kawo ta shekaranjiya fa. Mutumin ya ce wannan sai Allah, ya wuce da kwanon alluransa. Ga kumandan kuma yana jira a mota, don hutu bai fasu ba.

Wata guda Abarci yana tuƙi. Ya tono mota daga rairayi ya fi sau goma, ya ga duwatsun da madam ke ta ɗaukar hotonsu, bai iya tuna kamannin ko ɗaya ba.

Da ya dawo Dakoro ya tarar da Habi zaune bakin ɗaki tana ɓarar gyaɗa, sanda jingine kusa da ita. Ya durƙusa ya fara, "Yaya, ranar nan da Yaya Jimrau ya zo..."

"Na sani," ta ce. "Tun kana yaro, in ka yi ƙarya ba ka zuwa cin tuwo."

Ta tura masa ƙwaryar. Ya zauna ƙasa yana taya ta ɓara. Jimrau ya fito daga ɗaki, ya amsa gaisuwarsa a taƙaice, ya ɗauki igiya ya tafi ba dabbobi ruwa. Sai da damina biyu ta wuce kafin ya sake zama tabarma ɗaya da shi.