Jan Zare a Gefen Mayafin Tagwa

Daga bakin Awadiyya mai shayi zancen ya fito, kafin azahar kuwa ya gama zaga benen nan na unguwar Ard al-Liwa a Masar: wai Tagwa ta bar addini. Hujjar ita ce wata alama da aka ɗinka da jan zare a gefen mayafinta, wai hatimin tsafin tsohuwar nan 'yar Koriya da take yi wa aikin gida a unguwar Ma'adi.

Munzir, kawun yarinyar, ya shigo yana huci.

"Yumma, ba za ta ƙara taka gidan matar nan ba. Khalas, an gama."

Hajja Murja, mahaifiyarsa kuma kakar Tagwa, ta dube shi ta saman tabarau. "Wa ya karanta alamar?"

"Kowa ya gan ta."

"Ban ce wa ya gani ba. Awadiyya ko sunanta sai an karanta mata."

Matar da ta tsufa tana shugabantar makarantar 'yan mata a garinsu Wad Madani ba a kawo mata "an ce". Suka tsaya a kan za ta je da ƙafarta, abin da ta dawo da shi kuma shi ne hukunci.

Abin da ba ta gaya wa Munzir ba, ita ma haushin gidan take ji. Ita ta goyi Tagwa tun rasuwar uwarta, ita ta riƙo hannunta suka tsallako Masar lokacin yaƙi. Yanzu yarinya ta dawo tana ƙamshin man riɗi, magana biyu sai "Madam Yun ta ce". Ko kitson Juma'a ta daina zama a yi mata.

Washegari ta bi Tagwa, ƙaramar bas sannan jirgin ƙasa na metro.

Madam Yun 'yar firit ce, kai fari fat, Larabcinta na Masar a karye amma yana tafiya. Hajja Murja ta zauna tana bin ɗakin da ido. Ba gunki, ba turare. Sai sallayar Tagwa a ninke kan kujera. Wannan ma ya ba ta haushi.

Ta jawo gefen mayafin. "Mene ne wannan?"

"Jong," in ji Madam Yun.

"Jang."

"A'a, Habboba," Tagwa ta sa baki. "Tsakanin jang da jong. Ki buɗe baki, kada ki tsuke leɓe."

"Ke za ki koya mini buɗe baki?"

Madam Yun ta yi dariya, ta ce gaɓa ɗaya ce tak da rubutunsu. Asalinta daga rubutun Sin, kuma a can alamar zuciya ce a jingine a gefenta. Akwai masu sunan dangi da ake furtawa haka, amma wannan daban. Wannan abin nan ne da ke manne mutane idan sun daɗe suna ci daga tukunya ɗaya, ba a shirya shi, ba a sanarwa. Har wanda kuke faɗa kullum, in ya tafi sai gida ya yi maka faɗi.

"Shaƙuwa ke nan," in ji Hajja Murja da Hausa. "Mu ma muna da ita, ba mu ɗinka ta a mayafi ba. Sabo turken wawa."

Tagwa ba ta fassara ba.

Aka kawo shinkafa da soyayyen kifi. Madam Yun ta sa tsinkayen cin abincinta ta zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta ɗora tsokar kan shinkafar Tagwa, ko kallonta ba ta yi ba, alamar an saba. Tagwa ta cinye. Yarinyar da a gida sai an yi da gaske take kai loma uku. Madam Yun ta faɗi wani abu da yarensu, Tagwa ta tuntsire da dariya har da dukan cinya. Rabon Hajja Murja da jin wannan dariyar tun suna Madani.

Madam Yun ta ɗora wa baƙuwar tsoka ita ma. Hajja Murja ta ture ta gefe. Can kuma ta ci, don yunwa ba ruwanta da fushi.

"Tagwa, la'asar," in ji Madam Yun tana nuna taga.

A metro, Tagwa ta yi ƙasa da murya. "Habboba, me za ki ce wa Kawu?"

"Abin da na gani."

Ta gani kuwa, shi ne ciwon. Ba sai ta yi ƙarya ba ma. In ta ce kawai hankalinta bai kwanta da gidan ba, Munzir zai ƙarasa sauran, yarinya ta dawo gabanta safe da yamma. Har suka sauka tana juya wannan a ranta, kuma daɗinsa take ji.

Suka tarar da Munzir a bakin bene, Awadiyya na gefe tana ɗauraye kofuna da ba su da datti.

"Yumma, yaya?"

Hajja Murja ta tsaya ta maida numfashi.

"Ba tsafi ba ne. Kalma ce, ma'anarta shaƙuwa. Matar ita ke tuna mata da salla. Gobe za ta koma aikinta." Ta kama ƙarfen bene. "Kuma ta fi sakewa a can fiye da wurina."