Ruwa a Cikin Gazuwal

Shekarar da damina ta yi yawa har gero ya ruɓe a tsaye, yunwa ta shigo ƙasar Madarunfa tun kafin sanyi ya kama. Sai aka turo wata ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya daga Maradi, mai shan man dizal da ake kira gazuwal, domin ta riƙa kai hatsin taimako ƙauyuka. Tanko ne shofer ɗinta. Ya koyi tuƙi da gyara a kan manyan motocin gyaɗa, kuma mutum ne mai kunne: daga ƙarar inji yake gane abin da ke damunsa.

Da aka ce ana neman mai gadin mota da magazar hatsi, Tanko ya kawo kawunsa Kanta, wan mahaifiyarsa. Kanta tsoho ne, yana nan a kan tsafin gidansu na gado, gonarsa ta mutu, ƴaƴansa maza sun tsallaka Katsina ci-rani sun bar masa mata da jikoki.

Da sanyi ya tsananta, motar ta fara wani hali. Da sassafe in Tanko ya tashe ta, sai ta kama rawar jiki, tana tari, tana fitar da farin hayaƙi, ta yi kamar za ta mutu ta farfaɗo. Sai rana ta ɗaga sannan muryarta ta daidaita. Kullum sai ya yi asarar safiya guda, alhali a Gabi da Safo mata na zaune bakin hanya da ƙwarya tun asuba.

Ya fara da abin da ya fi zato. Ya kwance bujin da ke ɗumama inji, ya gwada su, duk suna ja kamar garwashi. Ya bi bututun mai da yatsa ko iska na shiga ta wata tsaga, bai ga komai ba. Ya hura wuta a kasko ya tura ƙarƙashin inji, ya jira ƙarfen ya yi ɗumi. Rawar ta ragu kaɗan, ba ta tafi ba. Ya zura sandar awo cikin tanki, ya ga man yana nan daidai inda ya bar shi jiya.

Ran nan ya ce bari ya duba matacin mai. Ya kwance ƙasansa, ya tara wata farar kwalba, ya ɗaga ta sama yana kallo. Gazuwal ya taso sama, ruwa ya kwanta ƙasa, kusan rabi. Tanko ya san tanki kan yi raɓa da sanyi, amma ruwan raɓa garau yake, kuma ba ya kai haka. Wannan ruwa gurɓatacce ne, da ɓurɓushin gansakuka a ciki. Ya shinshina, ya ji ƙarnin tabki. Nan ya gane: ruwa ya fi mai nauyi, in mota ta kwana sai ya taru a gindin tanki, shi inji ke fara zuƙa da safe. Kuma wanda ya zuba shi ya san ana awo da sanda.

Kanta na zaune a gindin bangon magaza, ya lulluɓa da gwado. Tanko ya je ya tsuguna gabansa, ya ajiye kwalbar a ƙasa tsakaninsu.

"Kawu, wannan daga cikin motar ya fito."

Tsohon ya daɗe yana duban kwalbar. "Ni ne," ya ce. "Ba sai ka yi ta kewaye-kewaye ba."

"Tun yaushe?"

"Tun da wata ya tsaya. Gora ɗaya na mai nake ɗiba, in mai da gora ɗaya na ruwa. Akwai mai kai wa masu motoci a Ɗan Issa, su ba shi garin rogo. Hatsin magaza ban taɓa ba, ko tsaba guda. Na ce mai ai ba abinci ba ne."

"Da kun faɗa mini, Kawu."

"In faɗa maka ka ba ni me? Rabonka ma bai ishi gidanka ba. Ladi nononta ya ƙafe, Tanko. Jaririn ko kuka ya daina yi."

Ladi matar ƙaramin ɗan Kanta ce. Tanko ya miƙe. Ya zubar da kwalbar a bayan bango, ya tura ƙasa da ƙafa ya rufe wurin. Yinin ranar ya sauke tanki, ya wanke shi, ya tace man da farin ƙyalle har sau uku. Da yamma ya raba hatsin gidansa biyu, ya kai wa Kanta rabi. Washegari motar ta tashi lafiya, sai ƴar ƙara siririya da yake ji daga wajen famfon mai, wadda bai so ba ko kaɗan.

Kwana shida ta yi haka. A na bakwai, cikin yashin hanyar Gabi, da buhuna goma sha biyu a bayanta, ta yi shiru. Da ya buɗe famfon ya tarar tsatsa ta cinye cikinsa. Wannan ba gyaran hannu ba ne, sai an kawo sabo daga nesa.

Anasaran da ke kula da rabon hatsi ya zo da tafinta, ya tambayi yadda aka yi ruwa ya shiga. Tanko ya ce raɓa ce, shi ne ya yi sakacin tsiyaye ta. Anasaran ya karɓi makulli daga hannunsa nan take, ya ce ya tafi.

Aka koma ɗaukar hatsi da jakuna, waɗanda su ma yunwar ta ci su. Abin da mota ke kaiwa a yini, sai ya kwashe kwana huɗu. Tanko ya bi ayarin da ƙafa sau ɗaya zuwa Safo, don ya kasa zama a gida. A bakin gari ya ga sabbin kaburbura jere, yawancinsu gajeru. Wata tsohuwa ta gane shi, ta riƙo hannun rigarsa ta ce, "Ɗana, ina motar? Mun yi ta jira." Ya ce mata ta lalace, ya wuce.

Jaririn Ladi bai kai ƙarshen sanyi ba. Bayan an rufe shi, Kanta ya bar gadi da kansa, ya kwashi sauran iyalin suka bi hanyar Jibiya. Bai yi wa Tanko sallama ba, Tanko kuma bai bi shi ba. Sabon famfo ya iso ana gab da shuka, aka ba wani mutumin Tasawa motar. Tanko ya koma ƙauyensu, ya ari hauya wajen maƙwabcinsa Hamisu, ya shiga gyaran gonar uwarsa.