Kalmasa da Kalmarsa

Shekara talatin da ɗaya Malam ya yi yana duba rubutu a maɗaba'a, kuma da ya yi ritaya bai baro jan bironsa a can ba. Ko takardar magani ce ta shigo gidan sai ya zagaye mata kuskure biyu kafin ya sha maganin. Shi ya sa ƙannen matarsa suke kiransa Jan Biro.

Ita matar tasa tela ce. Keke biyu ne a shagonta, ɗaya nata, ɗaya na Auta, ƙanwarta. Sai da yara suka girma suka bar gida sannan ta shiga ajin manya ta koyi rubutu, tana da shekara hamsin da huɗu. Tun daga nan ba ta iya ganin farar takarda ta ƙyale. Abin da za ta faɗa da baki ma sai ta rubuta ta manna a jikin firij.

Rannan ta rubuta masa, "Abincinka gashi nan a kula." Da ta dawo ta tarar da shi zaune da takardar a hannu.

"Maman yara, gashin wa kika zuba mini a kula?"

"Wane irin gashi kuma, Malam?"

"Abin da kika rubuta ke nan. Ga daban, shi daban. In kika haɗe su, sai dai a kira wanzami."

Ta yi dariya har da riƙe ciki. Haka ma ranar da ta rubuta "Mun yi baki a daki," ya tambaye ta bakin wa za a daka, ya nuna mata ƙugiyar da ake ɗora wa ƙ da ɗ. Amma da abin ya zama na kullum, kowace takarda ta dawo mata jawur, sai dariyar ta ragu. Ta koma rubuta kalma biyu ko uku, wasu ranakun ma ta ɗauki biro ta ajiye.

Wata safiya za ta je asibitin ido, ga aikin da za a karɓa da rana. Ta zauna a tsanake ta rubuta wa Auta bayani, ta duba sau uku, ta ba Malam ya miƙa a shago tunda hanyarsa ce.

Sai wajen sha biyu ta iso shagon. Tun daga ƙofa ta lura ba ƙarar keke. Auta ta kifa kai a kan teburin yanka, kafaɗunta sai rawa suke. Malam kuwa yana kan bencin masu jira, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya kamar wanda ya gama babban aiki.

"Lafiya, Auta?"

Auta ta ɗago tana share hawaye. "Yaya, zo ki ga aikin mijinki."

Ta karɓi takardar ta matso da ita kusa da ido. Inda ta rubuta "Wandon direba, a warware kalmasa a sake," Malam ya cusa jan r a tsakiya, ta koma kalmarsa. Inda ta ce "Kwat ɗin likita, a sa shafi biyu," ya ja layi ya rubuta a gefe: Ina shafi na biyun? Ɗaya kika ba ni.

"Na tambaye shi," in ji Auta, "ko direban ya yi wa wandon alkawari ne da za mu warware kalmarsa? Ya ce in jira ki zo, ke kika san maganar da kuka yi."

"Kalma mace ce," Malam ya ce yana gyara tabarau. "Dole a ce kalmarsa."

Maman yara ta ajiye takardar. Ta jawo wandon daga maratayi, ta juya bakin ƙafarsa, ta ɗora masa a cinya.

"Taɓa nan. Ka ji inda aka naɗe yadin aka bi da ɗinki? Ita ce kalmasa. Babu r a cikinta, tun kafin a haife ka." Ta buɗe kwat ɗin ta nuna masa yadi mai santsi na ciki. "Wannan kuma shafi. Likitan yana jin sanyi, biyu yake so."

Malam ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake shafa bakin wandon. Ta daɗe tana jiran irin wannan rana, ta ɗauka za ta yi masa tsiya har yamma. Amma da ta ga yadda yake kallon ɗinkin kamar ɗalibi, sai kawai ta zauna kusa da shi.

"Shekara talatin da ɗaya ina cikin kalmomi," ya ce a hankali, "ban taɓa gamuwa da ita ba. Akwai wasu?"

"Cike da shago. Ka san tattarar siket? Ka san hantsar wando?"

Ya juya bayan takardar ya fara rubutawa, tana nuna masa ɗaya bayan ɗaya a jikin kayan. Can ya tsaya ya dube ta.

"Kwarkwaro ɗin nan da kuke naɗa zare a kai, da ƙugiya ne ko babu?"

"Babu. Saurara da kyau." Ta maimaita masa sau biyu.

Auta ta dubi agogon bango. "Yaya, direban nan fa ƙarfe biyu zai zo, ba a taɓa wandonsa ba."

Maman yara ta ɗauko reza ta miƙa wa Malam. "Kai ka tsayar mana da aiki. Warware, amma a hankali, kada ka yanki yadin mutane."

Ya sunkuya yana tsinke zaren ɗaya ɗaya, harshe a waje. Ba tare da ya ɗago ba ya ce, "Auta, maganar nan ta tsaya a shagon nan."

"Haba Yaya Malam, ka makara," ta ce tana taka keke. "Tun ɗazu na ɗauki hoton takardar na tura wa 'yan gidanmu."