Rigar Mai Hagu

Ƙarfe goma na safiyar Asabar, ana yayyafin nan mai laushi da ba ya jiƙa mutum sai a hankali, jama'a sun riga sun cika ƙofar shagon Kawu. Mako bakwai ke nan da sabuwar jesin kulob ɗinmu ta ƙare a kasuwa. Kwali uku aka kawo mana da farko, kwana biyu suka yi. Tun daga nan kullum Kawu na kan waya, kullum a ce masa kaya na hanya. Ga shi kulob ɗin bai taɓa zuwa wasan ƙarshe ba sai bana, kuma yau ne wasan, ƙarfe huɗu na yamma.

Ni aikina a ɗakin baya yake. Ni ke buga suna da lamba a bayan riga. Ɗakin ɗan ƙarami ne, tebur ɗaya, taga ɗaya mai kallon lungu, sai injin. Injin kamar baki yake, leɓe biyu na ƙarfe. Ka shimfiɗa riga a na ƙasa, ka jera haruffa, ka rufa takarda, ka danno na sama mai zafi, ka ƙirga goma sha biyar. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, shi ya koya mini, shi kuma ya sa mini suna Sanyi, wai ko gobara ake sai na gama ƙirgata.

A duk layin shagunan nan jesi ɗaya ce ta rage, tana rataye a ƙusa a bayan ƙofata. Shuɗiya mai ratsin fari a kafaɗa, a bayanta an rubuta MAI HAGU, lamba goma sha ɗaya. Da hannuna na buga ta ranar da kayan suka iso. Mai ita dogo ne, da baƙin mai a ƙarƙashin farcensa, yana magana kamar kada ya dami kowa. Ya ce ba zai tafi da ita wurin aiki ba kada ta ɓaci, zai biyo da yamma. Na ba shi rasit. Bai dawo ba.

Dokar shagonmu, kuma Kawu da kansa ya kafa ta, ita ce rigar da aka buga wa suna ta zama ta mai sunan. Ba a taɓa ta sai an kira shi sau uku a ranaku daban-daban. Na kira sau biyu, wayar a kashe.

Ina jin hayaniyar waje ta cikin bango.

"Kullum gobe, kullum gobe! Malam, gobenka ba ta da uwa ne?"

"Ɓoyewa suke yi wallahi, manya suke sayar wa ta baya!"

Mai askin da ke maƙwabtaka da mu, wanda kulob ɗinsa ya fita tun zagayen farko, ya leƙo yana dariya. "Ku zo in ara muku tamu, ai ba ma amfani da ita. Kashi za ku sha dai, da riga ko babu riga."

Aka yi masa ca. Wani ya buga gilashinmu da tafin hannu, har sau biyu.

Kawu ya shigo ɗakina yana share wuya da hankici. A bayansa akwai Ciyaman, shugaban magoya bayan kulob na unguwar, mutum mai faɗin ƙirji da usur rataye a wuya. Shi zai ja tawaga zuwa filin wasa, kuma ya rantse ba zai shiga gaba da jesin bara ba. Wani ne ya tsegunta masa akwai ɗaya a baya.

"Ga ta can," in ji Ciyaman. "Baba, mu yi magana ta gaskiya. Yaran nan da ke waje, ni kaɗai nake riƙe da su. In na fita da riga a jikina, in ce kaya na zuwa, za su watse. In na fita hannu biyu, to gilashin nan ba ni na saya ba."

Kawu ya dube ni. "Sanyi, ɓare sunan, ka buga CIYAMAN. Kafin sha biyu."

"Kawu, saura kira ɗaya."

"Kira mana, wa ya riƙe ka? Amma ka ji ni da kyau. In rigar nan ba ta fita ƙarfe sha biyu ba, ka ajiye mini makulli. Uwarka ma za ta fahimta."

Suka fita. Na ɗauko lambar wayar da ke maƙale a wuyan rigar na kira. A wannan karon ta shiga, aka kuma ɗauka. Na yi sallama, na ce daga shagon jesi ne. Ba a amsa ba. Abin da nake ji kawai ihun jama'a ne daga nesa, irin na filin wasa in kana wajen katanga, yana tashi yana sauka. Na duba agogo. Ba a wasa a ko'ina a wannan lokacin. Na ce, "Mai Hagu?" Ihun ya ɗan lafa, kamar an juyo ana saurare. Sai layin ya yanke.

Kira uku dai sun cika. Na sauko da rigar.

Ɓare suna ba wuya gare shi ba, haƙuri yake so. Ka juya rigar, ka shafa sinadari ta ciki don gam ɗin ya saki, ka ɗan ɗana mata zafin inji, sannan ka bi haruffan da tsinken ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Na yi hakan. Haruffan suka fita lafiya, na zuba su a kwando. Sai dai inuwarsu ta zauna a jikin yadin, baƙa-baƙa, ana karanta ta sarai. Hakan na faruwa da tsohuwar riga wadda rana da wanki suka ci. Wannan kuwa ko sau ɗaya ba a sa ta ba.

Na ce sabon suna zai rufe. Na buɗe akwatin haruffa. Su ma sun yi ƙaranci, harafin A guda shida kacal ya rage mini, CIYAMAN kuma yana cin biyu. Na jera, na rufa takarda, na danna, na ƙirga goma sha biyar.

Da na ɗaga, haruffan duk sun biyo takardar, sun nannaɗe kamar busasshen ganye. Ko ɗaya bai kama ba. Na kai hannu kan rigar. Rigar da ta fito daga inji a bushe take ƙayau, sai ka jira ta huce. Wannan a jiƙe take, daga wuya zuwa tsakiyar baya, da ƙarƙashin hammata biyu. Na kai hanci. Gumi ne, na mutum.

Na zauna a kujera na ɗan jima. Yayyafi na sauka a kwanon lungu. Na ce wa kaina tururin sinadari ne. Na goge rigar da tsumma, na ƙara wa injin zafi, na jera sababbin haruffa. Wannan karon har ashirin na ƙirga. Ina cikin ƙirgar na ji wani abu ta cikin mariƙin injin, motsi kaɗan, kamar an yunƙura a ƙasa.

Na ɗaga. Haruffan sun sake lalacewa. MAI HAGU kuwa ya ƙara fitowa.

"Sanyi!" Kawu ya ƙwala daga gaba. "Sha ɗaya da rabi!"

Harafin A guda biyu suka rage. Ina jera su aka ƙwanƙwasa tagar lungu. Wata mata ce, ta kai shekara arba'in, mayafinta ya jiƙe, tana riƙe da takarda a naɗe cikin leda. Ta ce ta yi ta ƙoƙarin shiga ta gaba, mazan nan sun ƙi ba ta hanya. Na buɗe mata ƙofar baya. Ta miƙo takardar. Rasit ɗinmu ne, da rubutuna.

"A aljihun wandon ƙanena na gani," ta ce. "Jiya na ce bari in wanke kayan da aka ba mu a asibiti."

"Yaya, lafiya yake?"

"Mota ce ta buge shi. Ranar da ya karɓi takardar nan, da yamma. Yana nan kwance, bai farka ba har yau." Ta faɗa ba kuka, kamar wadda ta gaji da maimaitawa. "Na ce ko in na rataya masa ita inda zai gani. Ba shi da zance sai na kulob ɗin nan."

Na ce, "Ɗazu na kira wayarsa, an ɗauka."

Ta dube ni. "Wace waya? A ƙarƙashin tayar motar ta niƙe."

Sai tata wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta juya baya. Ina jin muryar wata tsohuwa a ciki, sama-sama. Da ta gama ta tsaya tana kallon bango.

"Innarmu ce, ita na bari a wurinsa. Wai tun ƙarfe goma da wani abu yake zabura. Sau uku ke nan. Mutumin da ko yatsa bai motsa ba mako bakwai. Nas ta juya shi, wai bayansa ya yi ja, da zafi kamar an ɗora masa dutsen guga. Zanin gadon ya jiƙe sharkaf."

Sau uku ke nan na sa wa rigar zafi: ɗaya na ɓarewa, biyu na bugawa. Na miƙa hannu na zare wayar injin daga bango.

A daidai nan Kawu da Ciyaman suka shigo. Kawu ya kalli injin, ya kalli matar, ya kalle ni.

"Me nake gani?"

"Kawu, mai rigar ya aiko. Ga rasit."

"Yanzu? Bayan mako bakwai? Baiwar Allah, ki yi haƙuri, kaya na isowa zan ba ki sabuwa fil, da hannuna. Sanyi, mayar da wayar nan."

"Ba zan sake dannawa ba, Kawu."

Tunda nake ban taɓa ce masa a'a ba, shi ya sa ya dube ni kamar bai gane yaren ba. "Ka san abin da na ce maka."

"Na sani."

Ciyaman ya yi tsaki. "Ku da iyayinku. Suna ɗin banza, a bar shi. Ni riga nake so." Ya fizge ta daga kan injin, ya cire tasa, ya zura ta. Ta ɗan matse shi a ƙirji. Ya juya yana neman madubi. "Ai ga ta, kamar don ni aka..."

Bai ƙarasa ba. Ya tsaya cak, hannuwa a buɗe. Na ga tsikar jikinsa ta tashi tun daga wuyan hannu. Ya karkata kai gefe kamar mai jin magana daga wani ɗaki. Ƙafarsa ta hagu ta ɗaga kaɗan daga ƙasa, ta koma, ta sake ɗagawa. Ya kalle ta kamar ba tasa ba.

A hankali ya cire rigar, yadda ake cire wa mai ciwo. Ya ninke ta biyu, shi da na san ko hularsa jifa yake da ita, ya ajiye a tebur.

"Da mutum a ciki," ya ce. Muryarsa ta koma ƙarama.

Ya mayar da tasa a baibai, ya fita. Muna jin ya busa usur sau ɗaya. "Ku taho mu tafi. Babu riga a nan. Na ce babu!" Aka yi ta gunaguni, wani ya zagi shagon, wani ya harbi ƙofar ƙarfe, amma ƙafafu suka yi ta nisa har layin ya yi tsit.

Kawu bai taɓa rigar ba, ko kusa da teburin bai matso ba. Ni kuma bai kalle ni ba. Ya buɗe tafin hannu. Na ciro makullin daga aljihu na sa masa.

"A gaban baƙo," ya ce. "A gaban baƙo ka ce mini a'a."

"Ka yi haƙuri, Kawu."

"Je ka gida."

Na jira rigar ta sha iska, na sa ta a leda ba tare da na matse ta ba. Matar ta karɓa da hannu biyu, ta rungume a ƙirji. Muka fita ta lungu tare, don hanyarmu ɗaya zuwa bakin titi. Ruwan ya ɗan ƙaru. Ba ta tambaye ni me ya sa sunan ya zama inuwa ba, ni ma ban fara ba.

A bakin titi motoci duk sun cika da masu tafiya filin wasa, da tutoci da ganguna, babu mai tsayawa. Mun fi minti ashirin. Can wata bas ta rage gudu, saura kujera ɗaya, wasu samari uku suka yo kanta da gudu. Na riga su, na sa ƙafa a ƙofar na tare da jikina.

"Kai malam, shiga ko ka kauce!"

"Ba ni ba ne. Yaya, zo ki shiga."

Ta wuce ta ƙarƙashin hannuna ta zauna, ta ɗora ledar a cinya, ta dafa ta da tafin hannu. Idonta na kan titin gaba. Na ja mata ƙofar na rufe, bas ɗin ta tashi.