Jar Akuyar Talatu

Da mahauci ya ɗora wuƙa a wuyan jar akuya, Talatu kau da kai ta yi. Akuyar nan ita kaɗai ce uwar garkensu, kuma tun da ɓarin jikin mijinta Nomau ya shanye, in ba da nononta aka dama kunu ba, ba ya haɗiya. Amma an yi shela a Jiratawa cewa 'yan kwamitin jin daɗin tsofaffin ma'aikata na tafe daga Maraɗi. Shekara talatin Nomau na yasar magudanan ruwan noman rani, ba takarda, ba lamba. A wurinmu kuwa, ku ma kun sani, babba ba ya cin tukunyarka ya bar ka da kukanka.

* * *

Suka ci, har da neman ƙarin yaji. Sai da shugabansu Mushe Ilyasu (Mushe, wato Malam da Faransanci) ya wanke hannu, sannan Talatu ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan kwance. Yaushe kuɗin tsufansa za su fara fitowa?"

"Inna, ba mu ke biya ba. Mu shawara muke ba gwamnati."

"To ku ce mata ta biya."

"Ba haka aikin yake ba. Namu mu ji, mu rubuta, mu miƙa. Balle shi sunansa bai shiga rajistar biro ba. Maganar irinsu sai zaman baɗi."

Talatu ta miƙe. Ban taɓa ganin ta tsaya a kan namiji ba sai ranar.

"Baɗi? Dube shi da kyau. Ya yi maka kama da mai kai baɗi? Shawara! Ni ma ina da ita, rumbu guda. Da kun faɗa tun daga bakin zaure, da akuyata na tsaye."

"Wa ya ce ki yanka?" in ji marubuciyarsu, Madam Hidaya.

"Wa ya ce ki ci? Goge bakinki, 'yar nan, ga maiƙo nan."

Mushe ya ce a rubuta ƙorafinta. Aka rubuta. Sauran naman ma direba bai bar shi ba, wai a garin Tsibiri ana jiran su.

* * *

Da la'asar ta dama kunu tsura, ta kai wa Nomau ludayi a baki. Ya ɗanɗana, ya dube ta, ya datse haƙora.

A waje, ɗan akuya na tsaye a gindin danga, yana shinshinar fatar da aka shanya.