Inda Sitti Ke Tsayawa

Zaituna ta dawo hutu daga jami'a a Alƙahira da akwati cike da littattafan Girkanci da Latinanci, ta tarar an yanke mata hukunci a unguwarsu ta Hindawiyya da ke Jidda tun ba ta sauka jirgi ba. Baffanta Abdulghaffar, sarkin shiga sharo ba shanu, ya cika wa mahaifinta kunne cewa yarinya na can tana haddace waƙoƙin mutanen da suka mutu tun kafin Annabi Isa. Mahaifin nata kuwa, Malam Muntaka mai tsire, mutum ne mai jin nauyin yayansa. Iƙamarta, wato takardar zamanta a ƙasar, a ƙarƙashinsa take, in bai danna mata bizar fita da dawowa a wayarsa ba, karatu ya ƙare ke nan. Ya ce halas, ba za ta koma ba.

Ita ko gezau. Abin ya ƙona mata rai, ba shakka, amma ba kuka ba ƙin cin abinci, ta ci gaba da guge kayan tafiyarta.

Ran Juma'a bayan la'asar aka taru a ɗakin Sitti, kakarsu, kamar kullum. Tsohuwar da ƙafa ta baro Kano tana 'yar shekara tara, a ayarin wani madugu Na'ibi, suka shekara huɗu a hanya, kuma duk Juma'a sai ta ba da labarin zango zango. Jikokin da Larabci ya cinye wa harshe su ji rabi, su latsa waya. To, tun ciwon da ya taɓa ta bara, labarin ya yanke. Takan wuce Yarwa, ta wuce Lami, ta shiga Fashir, sai ta tsaya cak, baki na motsi. 'Ya'yanta su hau ta da tambaya, wane gari ne gaba, wa kuka tarar? Ina! Ƙara rikita ta suke har ta yi hawaye. Wata takwas Malam Muntaka bai ji uwarsa ta iso teku ba, abin kuma yana cin sa.

Ranar ma a Fashir ta tsaya. Abdulghaffar ya gyara murya zai fara, Zaituna ta riga shi.

"Baffa, don Allah kada a tambaye ta komai."

A aji an koya musu yadda mawaƙan Girka na dā ke riƙe waƙar kwana da kwanaki a ka ba takarda. Akwai jimlolin da suke maimaitawa, duk wayewar gari da irin tata, su ke jawo abin da ke biye. Zaituna ta taso tana jin irinsu a wannan ɗakin, sai a Alƙahira ta gane aikinsu. Ta matsa kusa da kunnen tsohuwar, ta ja murya yadda Sitti ke ja, da Hausarta ta 'yan Jidda:

"Asuba ta yi, Na'ibi mai doguwar sanda ya ce a ɗaura kaya."

Sitti ta lumshe ido. "Muka ɗaura," ta ce. Shi ke nan fa, magana ta ɓalle kamar an buɗe famfo. Duk inda ta so cijewa, Zaituna ta sake kawo asubar, ayari ya tashi. Ta faɗi gonakin audugar da suka yi ƙodago, ta faɗi ƙanenta Muntaka da aka binne a gefen hanya, wanda ta mayar wa ɗanta sunansa. Ta kai Sawakin, ta hau kwalekwale, ta hango Jidda ana kiran magariba a masallacin unguwa.

Abdulghaffar ya yi gunagunin cewa wannan ai dabara ce kowa ma zai iya. Babu wanda ya tambaye shi me ya hana shi wata takwas.

Malam Muntaka ya share fuska da gefen rawaninsa, ya daɗe bai ɗago ba. Can ya zaro waya, ya tambayi 'yarsa bizar wata nawa zai sa mata.

"Tara, Abba. Kayana a ɗaure suke."